Ruwan gishirin da na haɗa ya yi fari kamar an dama alli, ina na kuskure?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar manya a harkar nan. Shekara huɗu ke nan ina kiwon kifin ruwan daɗi, bana na ce bari in gwada na teku. Tankina lita 200 ne, na jera duwatsu na shimfiɗa yashi, amma babu kifi ko ɗaya a ciki tukuna. Jiya da daddare na tashi haɗa ruwan farko. Na auna gishirin da zai ishi lita 60, na juye shi a gindin durom, na zuba ruwa kamar bokiti ɗaya a kai don ya jiƙa, na dama da hannu har na ji ɗumi a tafin hannuna. Daga nan na cika durom ɗin da ruwan famfo, na jefa hita da injin juya ruwa, na je na kwanta. Da gari ya waye sai na tarar da ruwan ya yi fari fat. Yanzu an haura awa goma sha huɗu bai washe ba. A gindin durom akwai wani gari-gari da ya kwanta, ita ma hitar ta yi ɓawo fari a jikinta.

Gishirin ne ba shi da kyau ko daga wajena ne? Tunda babu kifi, zan iya zuba ruwan a haka? Sannan don Allah giram nawa ake sa wa lita ɗaya? Kowa na tambaya da amsar da yake ba ni.

Mai_Murjani:
Wa alaikumus salam. Barka da shigowa, ɗan'uwa. Gishirinka lafiyarsa lau, matsalar daga yadda ka jera aikin ne. Ruwa ake fara cikawa, a kunna injin juyawa, sannan a riƙa barbaɗa gishiri kaɗan-kaɗan. Kai kuma sai ka fara da gishiri ka ɗora masa ruwa ɗan ƙarami. A cikin wannan bokiti ɗaya, kalsiyam da kabonet ɗin da aka tanada domin lita 60 suka haɗu wuri guda, suka yi yawan da ruwan ba zai iya riƙe su ba, sai suka kama juna suka zama alli. Farin da kake gani ke nan, kuma shi ne garin da ya kwanta a ƙasa. Idan ya riga ya zama alli, ba ya sake narkewa a ruwan teku ko ka kwana bakwai kana juyawa.

Ɗumin da ka ji a hannu ba wani abin tsoro ba ne, wasu daga cikin sinadaran gishirin suna fitar da zafi lokacin da suke narkewa. Amma ka daina dama shi da hannu yana da kauri haka, yana cin fata.

Baban_Walid:
Abin da Mai_Murjani ya faɗa haka yake. Sai dai ni a ganina ba sai ka zubar ba. Tanki ne da babu rai a ciki. Ka kashe injin, ka bari farin ya kwanta, ka janye na sama da tiyo ka zuba. Allin ba guba ba ne, yashin da ka shimfiɗa ma ai ɗan'uwansa ne.

Mai_Murjani:
Ba guba ba ne, Baban Walid, na yarda. Amma ruwan ya riga ya yi asarar wani kaso na kalsiyam da alkali ɗinsa, wato sinadaran da ke hana ruwa yin tsami. In don farin kaɗai ne zan iya cewa ya lallaɓa da shi. Abin da ya sa nake cewa ya zubar shi ne ruwan famfon da ya ce ya yi amfani da shi.

Hajiya_Kifi:
Nan nake so a tsaya. Ƙanena Sabon_Shiga, ruwan famfon nan shi ya fi damuna fiye da farin. Ni da shi na fara, ina sa maganin kashe kulorin ina ganin na gama. Wata biyu ba a yi ba duwatsuna suka lulluɓe da wata gansakuka ruwan ƙasa, kamar an yayyafa musu ƙura. In na goge gilashi da safe, kafin la'asar ta dawo. Bayanta koriyar mai gashi ta biyo, ina tsinke ta da hannu tana fitowa dam-dam da ƙananan duwatsu a jikinta. Kullum ina canja ruwa don in rage ta, ashe ni ce nake ciyar da ita, domin duk canjin da na yi sabon fosfet da silika, sinadaran da take ci, nake zuba mata. Sai da na koma ruwan RO/DI, wato ruwan da wata matata ta musamman ta tsarkake, abin ya fara ja da baya, shi ma ya ɗauki watanni.

Maganin kulorin kulorin yake kashewa. Ba ya cire fosfet, ba ya cire naitiret, ba ya cire silika.

Baban_Walid:
Hajiya, da girmamawa, ba kowane ruwan famfo ba ne haka. Shekara shida ina riƙe da tankin kifi zalla da ruwan famfo, kifayena suna ci suna girma. Kada mu tsorata sabon shiga ya ga kamar sai ya tara injuna kafin ya fara.

Injiniya77:
Ku duka biyun kun faɗi abin da kuka gani ne. Ruwan famfo ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma ko a wuri ɗaya yana canjawa a cikin shekara. Matsalarsa ke nan: ba ka san abin da ka zuba ba. Baban Walid kifi zalla yake kiwo, su kuwa kifaye suna da juriya. Da a ce akwai murjani (halittar teku mai gina ƙashi kamar dutse) ko jatan lande ko dodon koɗi a tankinsa, da labarin ya canja, musamman idan bututun gidan na jan ƙarfe ne. Ɗan jan ƙarfen da kifi ba zai ji ba yana kashe marasa ƙashin baya.

Ga yadda matatar RO/DI take aiki ga wanda bai sani ba. Ruwa yana fara bi ta matatar da ke tare laka, sai gawayi da ke cire kulorin, sai fatar RO wadda take tare mafi yawan abin da ya narke a ruwan, fiye da kashi 95 cikin ɗari idan tana da lafiya. Ɗan abin da ya tsira sai ƙwayoyin DI su kama shi. A ƙarshe ka tsoma mitar TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, ya kamata ta nuna maka 0. Idan ta fara nuna 1 ko 2, ƙwayoyin sun gaji. Akwai masu canja launi idan sun ƙare, suna sauƙaƙa wa mutum lura. Abu ɗaya da za ka shirya masa shi ne ruwan da take zubarwa, ƙananan matatun gida kan zubar da kamar lita uku zuwa huɗu kafin su ba ka lita ɗaya mai tsabta. Ana tara shi a yi wanki ko ban ruwan shuka.

In kuma ana sa kuloramin (haɗin kulorin da amoniya) a ruwanku maimakon kulorin, ajiye ruwa ya kwana ba ya fitar da shi, kuma yana cinye gawayi da wuri.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka muku da alheri. Niyyata in fara da kifi biyu, amma burina murjani ne nan gaba. Ke nan gara in gyara tun yanzu. Zan zubar da shi. Saura maganar giram.

Ɗan_Teku:
Giram 35 a lita ɗaya. Gishirin ruwan teku kashi 35 cikin dubu ne, lissafi a fili.

Malamin_Kimiyya:
Ɗan_Teku, rabin maganarka daidai ne. Matsakaicin gishirin teku giram 35 ne a cikin kilo ɗaya na ruwan teku, wato kilo ɗaya na ruwa da gishirin a haɗe, ba lita ɗaya ta ruwan daɗi ba. Sannan garin gishirin da muke saya ba busasshe ƙayau ba ne, wasu sinadaransa suna ɗauke da ruwa a cikin ƙwayarsu. Saboda haka idan ka zuba giram 35 a lita ɗaya za ka samu ƙasa da 35 a ma'auni. Yawancin gishirin da ake sayarwa yana buƙatar tsakanin giram 38 zuwa 40 a lita kafin ya kai. Kowane kamfani yana rubuta nasa adadin a jikin bokiti ko buhu.

Malam Sabon_Shiga, ka ɗauki 38 a matsayin mafari. Lita 60 sau 38, giram 2,280 ke nan. Ka auna da sikeli, ka bar kofi, don gishirin da ya danne da wanda yake a sake ba nauyinsu ɗaya ba a kofi guda. Kuma ko da sikelin ne, ma'aunin ruwan shi zai yanke hukunci a ƙarshe.

Ɗan_Teku:
Na karɓi gyara, Malam. Shi ya sa ashe kullum sai na ƙara hannu ɗaya kafin ya hau.

Yaya_Zee:
Ku yi haƙuri da tambayata, ni ma koyo nake. Me zai hana mutum ya yi amfani da gishirin girki mara aidin? Ko ma wanda aka rubuta gishirin teku a jikinsa, tunda daga tekun aka samo shi?

Malamin_Kimiyya:
Tambaya ce mai kyau, 'yar'uwa, kuma kusan kowa ya taɓa yin ta a ransa. Gishirin girki sodiyam da kuloraid ne kusan zalla. Su biyun kuwa kamar kashi 85 cikin ɗari ne na abin da ya narke a teku. Ragowar kashi 15 ɗin nan su ne rayuwar tanki: salfet, maganiziyam wajen kashi 1,290 a cikin miliyan, kalsiyam wajen 410 zuwa 420, fotasiyam wajen 400, sai baikabonet da ke riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a tsakanin 8.1 zuwa 8.3, da wasu ƙanana da yawa. Murjani da kalsiyam da kabonet yake gina ƙashinsa, dodon koɗi ma da su yake gina gidansa.

Shi kuma wanda aka samo daga teku, ku duba yadda ake yin sa. Ana tare ruwan teku a fili rana ta ƙafar da shi. Allin kalsiyam shi yake fara kwanciya, sai jifsam, sannan gishirin da ake kwashewa. Maganiziyam da fotasiyam suna saura a ruwan ƙarshe mai ɗaci, wanda ake janyewa gefe. To wanda ya iso hannunki an riga an raba shi da 'yan'uwansa. Ko kin zuba masa ruwa ba zai koma ruwan teku ba.

Abin da ya ba da damar a haɗa ruwan teku a masana'anta shi ne manyan sinadaransa suna tafiya a kan rabo ɗaya a duk manyan tekunan duniya. William Dittmar ya tabbatar da haka a 1884, bayan ya gwada samfuri 77 da jirgin binciken Challenger ya ɗebo a tafiyarsa ta 1872 zuwa 1876. Wani tekun ya fi wani gishiri, Bahar Maliya tana kaiwa wajen 40, amma rabon kalsiyam da maganiziyam da sodiyam a tsakaninsu kusan ɗaya ne.

Yaya_Zee:
Madalla. Na gode Malam, yau na fahimta.

Gwanin_Ruwa:
Tunda an zo nan, wanda yake kusa da teku ai ɗebowa kawai zai yi. Na yi hakan shekara biyu, murjanina bai taɓa buɗewa kamar lokacin ba.

Hajiya_Kifi:
Ana yi, amma ba daga bakin gaɓa ba. Ruwan gaɓa shi yake karɓar duk abin da gari ya zubar, ga man jiragen ruwa, kuma idan kusa da bakin kogi ne ko bayan an yi ruwan sama gishirinsa ya ragu. Sannan da ransa yake zuwa, in ka rufe shi a jarka ƙananan halittun cikinsa su mutu ya yi wari. Kuna tacewa ne, Gwani?

Gwanin_Ruwa:
Daga nesa da gaɓa nake ɗebowa, lokacin da ruwa yake cikowa, in tace in yi amfani da shi a ranar. Wahalar ɗaukar jarkoki ce ta sa na koma gishirin bokiti.

Mai_Murjani:
Mu dawo kan mai tambaya. Sabon_Shiga, da me kake auna gishirin ruwanka?

Sabon_Shiga:
Wani na roba ne mai allura a ciki, ana ɗebo ruwa allurar ta tashi. An ba ni shi tare da tankin.

Mai_Murjani:
Haidiromita mai allura ke nan. Yana aiki, amma yana da saurin yaudara. Ƙwayar kumfa ɗaya in ta maƙale a jikin allurar sai ta ɗaga ta, ya nuna maka gishiri ya yi yawa alhali bai kai ba. In kuma ba a ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan aiki ba, gishiri ya bushe a jikin allurar, lissafin ya karkace. Ka riƙa ƙwanƙwasa shi kumfar ta tashi, ka ajiye shi a wuri mai daidai, ka auna sau biyu ko uku. Amma tunda murjani kake hari, ka nemi rifaraktomita, na'urar da ke auna gishirin ruwa ta hanyar haske. Ɗigo biyu ko uku za ka sa a kan gilashinsa, ka rufe murfin, ka jira kamar rabin minti zafin ruwan ya daidaita da na na'urar, ka leƙa wajen haske. Inda shuɗi da fari suka haɗu, nan ne adadinka. Abin da kake nema 35 ne, wanda ya yi daidai da 1.026 a ɗaya gefen ma'aunin, mai nuna nauyin ruwan idan aka kwatanta shi da ruwan daɗi.

Injiniya77:
A ƙara da maganar saiti, don nan na taɓa shan wuya. Ina saita rifaraktomitana da ruwan RO, in ga layi ya tsaya a 0 in ce shi ke nan. Kusan shekara guda murjanina ba ya mutuwa, ba ya kuma girma, launinsa a dushe. Duk gwajin da na yi sai in ga kalsiyam da maganiziyam sun gaza kaɗan, in ƙara, su sake gazawa bayan canjin ruwa. Ranar da na samo ruwan saiti na 35, wato ruwan da aka tabbatar gishirinsa 35 ne, na ɗiga a kan gilashin, sai layin ya tsaya a tsakanin 36 da 37. Na goge na sake ɗigawa, haka dai. Ke nan duk lokacin da yake ce mini 35, ruwana bai wuce 33 da rabi ba. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori an ƙera su ne domin ruwan gishirin girki, shi kuwa ba ya karya haske daidai da ruwan teku. Saitin 0 zai iya zama daidai amma a 35 ya kauce. A saita shi a wurin da ake aiki da shi. Ƙaramin sukurun da ke samansa ake murɗawa har layin ya zauna a kan 35, kuma a riƙa dubawa lokaci-lokaci, ba sau ɗaya ba.

Baban_Walid:
Ni dai nawa a 1.022 nake riƙe shi. Kifi zalla ba ya buƙatar 1.026, kuma bokitin gishiri ya fi daɗewa. An ce ma kifin ya fi samun sauƙi, tunda ba ya wahalar fitar da gishiri sosai.

Malamin_Kimiyya:
Akwai tushe a maganar. Ruwan jikin kifin teku gishirinsa kamar kashi ɗaya cikin uku ne na tekun da yake ciki, don haka kullum ruwa yana fita daga jikinsa. Shi ya sa yake shan ruwan teku, ya fitar da gishirin ta gaɓar da yake numfashi da ita a gefen kansa. Yana iya daidaita kansa a 1.022 ba tare da matsala ba. Amma murjani da tauraron teku da sauransu ba su da wannan dabarar, gishirin jikinsu bin na ruwan yake yi. Ko a tankin kifi zalla, in akwai duwatsu masu rai, ƙananan halittun cikinsu sun fi son gishirin teku na asali. Ni zan ce wa mai tambaya ya fara a 35 tun yanzu, ya huta da ɗagawa daga baya.

Ɗan_Teku:
Ba an ce rage gishiri yana kashe cutar farin ɗigo da ke kama kifi ba?

Mai_Murjani:
Ba a 1.022 ba. Masu yin wannan maganin suna saukar da shi har 1.009, na makonni, kuma a tankin killacewa daban, babu murjani babu jatan lande. Wannan wani babi ne, yana buƙatar ma'auni mai kyau ƙwarai. Saukarwa kifi yana jurewa da sauri, amma ɗagawa a hankali ake yi, kada ta wuce 0.001 zuwa 0.002 a rana.

Maman_Iman:
Bari in faɗi nawa, ko zai tsare wani. Farkon farawata babu wanda ya gaya mini cewa gishiri ba ya bin tururi. Ina ganin ruwan tanki ya ragu da ɗan yatsa biyu, sai in ɗebo daga durom ɗin ruwan gishiri in cika. Haka na yi ta yi kusan mako shida, ban auna na tankin ba, na durom kaɗai nake aunawa. Dodon koɗina suka fara faɗowa daga jikin gilashi suna kifewa. Jatan landena mai jan baya, wanda yake hawa hannuna in na sa a ruwa, ya shige bayan dutse ya daina fitowa. Da safe na same shi a kan yashi. Sai a ranar na auna tankin, na ga 1.032. Na daɗe a tsugunne gaban tankin nan, abin ya taɓa ni sosai.

Ruwan da ya ƙafe, ruwan daɗi zalla ake mayarwa, na RO/DI. Ruwan gishiri sai in ka ɗebi na tanki ka zubar, sannan ka mayar da daidai abin da ka ɗiba. Yanzu na manna alama a jikin gilashi, kullum da yamma ina cikawa zuwa layin.

Hajiya_Kifi:
Allah ya mayar da alheri, Maman Iman. Da yawanmu mun bi ta nan. Da kika gano, ya kika sauke shi?

Maman_Iman:
Amin Hajiya. Kullum ina ɗebe lita biyu in mayar da ruwan daɗi, ina zubawa a hankali kusa da injin juya ruwa. Ya ɗauke ni fiye da mako kafin ya dawo 1.026. Kifayen biyu sun rayu.

Sabon_Shiga:
Wallahi da ba ki faɗa ba, da haka zan yi, Maman Iman. Na samo ruwan RO/DI da aron rifaraktomita. In na haɗa, awa nawa zan bar shi kafin in zuba?

Gwanin_Ruwa:
Awa 24, da injin juyawa da hita. Haka aka koya mana, haka nake yi. Sabon ruwa yana da kaifi, sai ya sha iska pH ɗinsa ya zauna.

Injiniya77:
Gwani, wannan ƙa'idar ba ta hau kowane gishiri ba. Akwai wanda aka cika masa alkali da kalsiyam domin masu murjani, kamfaninsa ma yana rubutawa kada a juya shi fiye da 'yan awoyi. In ka bar irin wannan ya kwana yana juyawa da hita, allin zai fara fita. Kuma allin kalsiyam ya fi saurin fita a ruwan ɗumi fiye da mai sanyi, shi ya sa hitar Sabon_Shiga ta yi ɓawo. Ni a ruwa mai sanyi nake narkarwa, in ya washe tas sannan in kunna hita zafinsa ya hau digiri 25, in auna, in zuba. Awa biyu zuwa uku na gama.

Gwanin_Ruwa:
Shekara tara ina barin nawa ya kwana, ban taɓa ganin alli ba. Washewar ido ba ita ce narkewa ba. Na taɓa zuba ruwan awa ɗaya murjanina ya tsuke ya yi ta fitar da yauƙi har dare.

Mai_Murjani:
Irin gishirin da kowannenku yake aiki da shi ne ya raba ku. Mai matsakaicin alkali, wajen 7 zuwa 8 a ma'aunin dKH kamar na teku, zai kwana har ya yi makonni a rufe bai canja ba. Mai 11 ko 12 shi ne ba ya son jira. A karanta jikin bokiti. Abin da babu saɓani a kai shi ne ba a zuba busasshen gishiri a tankin da ke da rai, kuma ba a zuba ruwan da zafinsa da gishirinsa ba su yi daidai da na tanki ba.

Hajiya_Kifi:
A kula da mazubin ma. Roba irin wadda ake ajiye ruwan sha, sabuwa, wadda ba ta taɓa ganin sabulu ko fenti ko mai ba. Ban da ƙarfe, ban da famfon tagulla a gindin durom. Bokitin gishirin kuma a rufe shi ruf bayan an ɗiba, don yana jan laima. Nawa ya taɓa zama dutse guda, na fasa na haɗa, ruwan ya fito da fari kuma alkali ya gaza, don a cikin bokitin ma sinadaran sun riga sun kama juna. Sabon bokiti kuma ina mirgina shi a ƙasa kafin in buɗe, saboda ƙananan ƙwayoyi suna gangarawa ƙasa a hanya.

Sabon_Shiga:
Ga rahoto. Na wanke durom, na jiƙa hitar a ruwan binega ɓawon ya fita, na ɗauraye ta sosai. Na cika ruwa, na kunna injin, na riƙa barbaɗa giram 2,280 ɗin kofi-kofi, ina jira kowanne ya ɓace kafin na gaba. Cikin minti arba'in ina hango gindin durom. Amma da na auna sai na ga 1.029. Na saita na'urar da ruwan 35 kamar yadda Injiniya ya ce, na sake aunawa, 1.029 dai. Me ya faru kuma?

Malamin_Kimiyya:
Ka tabbata ruwan lita 60 ne cif? Da yawa durom ɗin da ake kira na 60 sai an cika shi har baki yake kaiwa.

Sabon_Shiga:
Kun gano shi, Malam. Da jarkar lita biyar na cika, na tuna sau goma sha ɗaya na juye na tsaya don kada ya zube. Lita 55 ke nan.

Malamin_Kimiyya:
To lissafin ya fito. 1.029 kamar 38 da rabi ne. Ka ninka 55 da 38.5, ka raba da 35, zai ba ka 60 da rabi. Wato kana buƙatar ƙarin ruwan daɗi kamar lita biyar da rabi. Tunda durom ba zai ɗauka ba, ka rage wani a bokiti mai tsabta ka raba ƙarin a tsakaninsu. Ka fara da lita huɗu, ka bari ya juya minti goma, ka auna, sannan ka ƙarasa. In ka gama ka ja layi a jikin durom, ka rubuta giram ɗin da ya kai ka 35 a wannan layin. Nan gaba canjin kashi 10 cikin ɗari na tankinka lita 20 ne kawai, wajen giram 760.

Baban_Walid:
Tunda tankin babu komai, sauran lita 140 ɗin a cikin tankin ma zai iya haɗawa ai, ya huta da jigila.

Mai_Murjani:
Da bai sa yashi da duwatsu ba, e. Yanzu gishirin zai shige cikin yashi ya ƙi narkewa, ma'auni ya yi ta hawa kwana da kwanaki. Ya daure ya yi durom uku. Dama duwatsu da yashin sun cinye wuri, ba zai kai lita 200 ba.

Gwanin_Ruwa:
Ni dai ina nan a kan bakana, kowane durom ya kwana.

Sabon_Shiga:
Ya zauna a 1.026, zafi 25. Jikin bokitina bai faɗi awa nawa ba, cewa kawai ya yi a juya har ya narke. Ina da kayan gwajin alkali, don haka zan auna wannan durom ɗin yanzu, in bar shi ya kwana da injin, in sake aunawa gobe war haka in kawo muku lambobin biyu. Injiniya, hitar in bar ta a kunne cikin dare ko in cire?

Injiniya77:
Ka bar ta a kunne, tunda yadda Gwani yake yi ake so a gwada. Durom na biyu kuma ka yi shi babu hita, mu ga ko lambobin za su bambanta.